Ranar da Kawu Labbo Ya Hau Babur

Ku da kuka zauna a tashar Gummi kun san Kawu Labbo ba ya gaida mai mota sai ya gama gaida motar. Za ka tsaya, ka fito da fara'arka, ka miƙa masa hannu biyu, shi kuwa ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya je ya tsuguna gaban tayar gaba, ya kama ta hannu ɗaya nan ɗaya can, ya girgiza. In ya ji shiru, sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya yi maka sannu da zuwa, har ya tambayi mutan gida. In kuwa ya ji wani ɗan ƙwas daga ciki, to ka haƙura da gaisuwar ranar. Abin da za ka samu shi ne tambayar ko 'ya'yanka sun yi maka wani laifi ne da kake son mai da su marayu. Hannunka yana nan a miƙe har ka gaji ka mai da abinka aljihu.

Wan mahaifiyata ne, Inna Hassi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ɗan Hassi nake ina yaro, ɗan Hassi nake da na zama direba, har furfura ta fito mini a gemu ban samu ƙarin girma ba. Makanike ne, amma irin wanda ban sake ganin kamarsa ba, don sitiyari kaɗai yake taɓawa. Ka kawo masa mota injinta na tari, sai ya nuna maka gaba da leɓe. Cewa yake inji in ya mutu, iyakarsa ya ajiye ka bakin hanya ka ci guzurinka, amma sitiyari in ya saki, shi yake zaɓar maka inda za ka kwana. Bai gina gidan siminti ba, bai je Makka ba, rigunansa na fita biyu ne. Abu ɗaya ya tara a duniya: sama da shekara talatin yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, kuma ba a taɓa cewa ga motar da Labbo ya gyara sitiyarinta ya saki a hanya ba. Da wannan suna yake taƙama, kuma ba ya jin kunyar tuna maka shi ko da ba ka tambaya ba.

Wasunku suna wurin ranar sunan nan na unguwarmu da wani Alhaji mai fataucin shinkafa ya zo da sabuwar mota, ko in ce sabuwa a wurinsa. Jama'a sun kewaye ta, ana shafawa ana sa albarka, maroƙi yana ta zuba kirari. Kawu ya ajiye kwanon wainarsa, ya ratsa mutane, ya tsuguna ya girgiza tayar. Sannan ya ɗago ya tambayi wa ke da ita, alhali duk garin an sani.

"Alhaji, wagga ta kai ka gida yau," in ji shi. "Amma kak ka aike ta Sakkwato."

Alhaji ya ɓata rai, ya ce ko mako biyu ba a yi da kawo ta daga Kano ba. Kawu ya ce ai shi bai ce an daɗe ba, wanda ya sayar dai ya san abin da ya sa ya sayar. Ya koma ya ɗauki wainarsa. Maroƙin ma sai da ya manta inda ya tsaya.

Bayan kwana uku sai ga motar a gindin tsamiyar da Kawu ke aiki, direba ya kawo ta, Alhaji ya yi zamansa a gida. Kawu ya ce a mayar. Ƙa'idarsa ce, in zai duba sitiyari, mai motar ne zai zauna yana juya shi hagu da dama a hankali, shi kuma yana kwance a ƙasa, ido a rufe, yana bin gaɓoɓin ƙarfen da hannu ɗaya bayan ɗaya har ya ji wadda ke wasa. Haka Alhaji ya zo da babbar rigarsa, ya zauna cikin rana yana juya sitiyarin motar da ba tafiya take ba, daga ƙasa ana daka masa tsawa cewa ba damun fura aka ce ya yi ba. Ya yi gumi sharkaf, ya tafi yana ƙunƙuni, kuma daga ranar bai ƙara kai motarsa wurin kowa ba sai nan.

Akwai kuma direban nan na Anka da ya rataye wa sitiyarinsa layu har uku, yana cewa shi motarsa a tsare take. Kawu ya shiga ƙarƙashi ya tarar gaɓoɓin sun bushe ƙamas, ƙarfe na cin ƙarfe. Ya fito ya riƙe layun da ladabi, ya jujjuya su, ya ce aiki ne mai kyau, da gani malamin ya san abin da yake yi. Sannan ya tambayi direban ko malamin ne ya ce masa daga yau an yafe masa giris.

Sai maganar ƙirga. Akwai wani ƙarfe da muke kira tayarod, shi ke ɗaukar umarnin sitiyari ya kai wa taya. Kansa ne ke cinyewa, in za a canza kuwa warware shi ake yi kamar murfin kwalba. Kawu yana ƙirga kowane juyi don sabon ya shiga daidai inda tsohon ya fito, in ba haka ba tayoyin gaba su riƙa hararar juna. To, in yana wannan ƙirga ba a magana. Mu mun sani, masu sai da goro sun sani, kowa ya zo sai ya tsaya ya jira. Matsalar ita ce sallama, don Kawu ba ya iya ƙin amsa ta. Wata rana wani baƙo mai jakar hannu ya faɗo ana tsakiyar ƙirga, ya rangaɗa sallama. Kawu ya amsa masa cikakkiya, har da rahama da albarka, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Sannan ya mai da tsohon ƙarfen ciki har inda tsatsa ta nuna masa, ya ce wa baƙon ya ajiye jaka ya tsuguna.

"Tunda bakinka bai iya zama shiru ba, kai za ka ƙirga."

Mutumin ya ƙirga masa goma sha bakwai da rabi da babbar murya, aka sa sabo ya sake ƙirgawa. Sai da aka gama duka Kawu ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Ashe inda ake shiga motar Bukkuyum kawai bawan Allah ya tsaya tambaya, kuma kafin a nuna masa ta cika ta tashi.

Tsumulmula kuwa, kada ma a yi magana. Ba ya zubar da komai. Robar da ke rufe gaɓa in ta yage, tsohon tif ɗin taya yake yankawa ya ɗinka mata wata. Giris in ya ɗiga ƙasa, sai ya kwashe saman ya mayar gwangwani. Ma'aunin da yake daidaita tayoyi da shi karan dawa ne, ya gwada ta gabansu ya gwada ta bayansu, kuma da wani ya ba shi labarin na'urar da ya gani a Kaduna mai yin wannan aiki, tambayarsa ɗaya ce, ko tana yi in an ɗauke wuta. Abu ɗaya ne ba ya tattali a kansa, shi ne fil. Notin da ke riƙe kan tayarod yana da tsage-tsage a samansa. In an ɗaure shi sai a zura wani ɗan fil mai ƙafa biyu ta cikin tsagar, a lanƙwashe ƙafafun, don kada girgizar hanya ta warware notin. Duk tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Wasu makanikai ƙusa suke sawa, wasu su mai da tsohon. Kawu sabo yake sawa kullum, tsohon kuma sai ya karya shi biyu kafin ya yar, don kada wani mai hali irin nasa ya tsinta.

Da 'yan kabu-kabu masu haya da babur suka cika gari, sai ya samu sabon abin faɗa. Ya ce abin da ba shi da sitiyari sai ƙaho, wanda in ka tsaya sai ka tokare shi da ƙafarka, wannan ba kai kake hawansa ba, shi yake hawanka. Ta'aziyya ko a ƙauyen bayan fadama ce, da ƙafa yake zuwa. Maƙwabcinsa Mamman Dogo, magidanci mai 'ya'ya biyar da ke ci da iyali da babur, kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar gidansa ya danna hon, ya ce Baba ko a rage maka hanya. Ran nan Kawu ya ƙule, ya rantse da Allah a gaban mutane cewa ba shi ba babur har ya koma ga Mahaliccinsa. Mamman ya ce an ji, ya ci gaba da danna hon ɗinsa.

Ni a lokacin wata tsohuwar jif nake ja, wadda na samu a gwanjon motocin gwamnati. Ta girmi aurena nesa ba kusa ba, kujerun bayanta katako ne, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, amma in damina ta sauka hanyoyi suka jiƙe, ita ke shiga inda bas ba ta isa ta leƙa ba. Ranar kasuwar Bukkuyum nakan kwashi mutane da kaya daga Gummi da hantsi, in sauke, in sake lodi zuwa Anka bayan la'asar. Wata damina, tun wayar hannu ba ta iso mana ba, sitiyarinta ya fara wasa. Sai na juya kusan taƙi guda kafin tayoyin su ji labari. Na san abin da zan sha a bakin Kawu, don haka na riƙa ajiye ta a bayan masallaci ina zagayowa da ƙafa, ni a dole mai wayo. Kwana huɗu dabarar ta yi. Ran na biyar na fito daga salla na same shi tsugune a gabanta.

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya buɗe akwatin sitiyarin, ya sa na zura yatsa, yatsan ya fito a bushe ba ko ɗigon mai, ya ce in tafi da shi haka in nuna wa Hassi ta ga abin da ta haifa. Ya zuba mai, ya ɗan ƙara wa akwatin ɗauri, ya cika gaɓoɓi da giris. Kawunan tayarod duka biyu sun mutu. Ya fitar da su yadda ya saba, guduma ɗaya a tokare ta baya, ɗaya yana bugawa ta gaba, har ƙarfen ya saki da kansa. Na lura aikin yana ɗaukarsa lokaci fiye da da, kuma yakan kawo noti dab da idonsa kafin ya gane bakinsa, amma mutum ya haura saba'in, ban kawo komai a raina ba. Ni na tsaya gadi lokacin ƙirga da lokacin ɗauri. Ba wanda ya yi sallama, ba wanda ya yi ko tari. Da hantsin ranar kasuwa ya gwada karan dawarsa, ya fito ya ce in tafi. Na yi lodi na kama hanya, sitiyari yana bin hannuna yadda bai taɓa yi ba tun da na san motar.

Abin da ya faru a gida bayan tafiyata, daga bakin matarsa Inna Ige na ji shi. Kawu yakan soka sababbin fil a jikin hularsa in yana aiki, kamar yadda tela ke yi da allura. Da azahar ta yi ya zauna alwala, ya ture hula zai shafi kai, sai wani abu ya faɗo ya yi ƙara a jikin buta. Ta ce ya ɗauka ya daɗe yana kallonsa a tafin hannu. Biyu ya zaro daga gwangwani da safe, kawunan biyu ne, ga ɗaya a hannunsa. Ya jefa sifana a aljihu ya fita ba takalmi, sai da ta bi shi da su har zaure.

Motocin Bukkuyum duk sun tashi tun safe. Mamman Dogo yana cin abincin rana a ƙofar gidansa sai ya ga mutum tsaye a kansa.

"Tada abin ga. Bukkuyum za mu."

Mamman ya ce shi dariya ya fara yi, ya ɗauka ramuwar tsokana ce, sai da ya dubi fuskar tsohon sannan ya ajiye kwano. Labarin tafiyar nan kun ji shi a bakin Mamman ya fi a ƙirga, kuma kullum ƙaruwa yake. Abin da bai taɓa canzawa ba a ciki shi ne Kawu ya ƙi riƙe masa ƙugu. Kafaɗunsa ya kama da hannu biyu, in an zo kwana ya murɗa shi hagu ko dama, in an zo rami ya ja shi baya, har Mamman ya yi mako guda matarsa na gasa masa wuya. Ga laka, ga ruwa kwance a hanya. Kuma duk kwalbatin da suka zo, duk gangaren da suka sauka, sai Kawu ya ce a rage gudu, ya miƙa wuya ya leƙa ƙasa. Mamman ya ɗauka tsoro ne, har yana ba shi haƙuri. Bai san motata ake nema a cikin ramukan ba.

Na gama lodin Anka ke nan, inji na aiki, ina jiran wata tsohuwa ta gama ɗaure kajinta, sai na ji tasha ta ɗauki sowa. Direbobin Bukkuyum duk sun san Kawu, sun kuma san rantsuwarsa. Ga shi nan a bayan Mamman, laka har gira, ya sauko ƙafafunsa sun ƙi miƙewa. Ana tafi ana dariya, wani na cewa a nemo mai hoto. Bai kalli kowa ba. Ya ce in kashe mota, ya kwanta cikin caɓi ya shige ƙarƙashinta, mutane na ciki. Na tsuguna na leƙa.

Notin ɓangaren direba ne. Ba fil a jikinsa, kuma hanyar Gummi ta riga ta warware shi ya zo can bakin ƙarfen. Kawu ya sa yatsa biyu ya taɓa shi, bai kai juyi biyu ba ya faɗo masa a tafin hannu. Ni direba ne, na san abin da hakan ke nufi. Ya mai da notin, ya ɗaure da sifana, ya zaro fil ɗin daga aljihu. Sai a karo na uku ya samu ramin, ya zura ya lanƙwashe. Muka haɗa ido a ƙarƙashin motar.

Da ya fito aka yanyame shi ana tambayar abin da ya yi zafi haka. Ya kakkaɓe riga ya ce daddawa ya zo saye, ta Gummi ta lalace, motar kuma ya leƙa ne kawai ya ga ko ɗan Hassi ya zubar masa da giris. Ya kuwa shiga kasuwa ya sayo daddawar, ya tsaya ya rama azahar ɗinsa, ya sallami Mamman, ya zo ya zauna a gaba kusa da ni. Na yi hamdala a raina. Na ce shi ke nan, daga ni sai shi sai Allah, sunan Kawu yana nan yadda yake.

Mun yi nisa, ƙullin daddawa a cinyarsa ya cika motar da wari. A hanyar Anka akwai wani gangare mai kwana da ke sauka kan wata 'yar gada marar shinge, ranar kuwa rafin ya ciko yana ja. Na sauka a hankali na haye. Muna hawa tudu ya ce in tsaya. Ya tambaye ni mutum nawa na ɗauko, na ce goma sha huɗu, ban da jinjirin da ke bayan uwarsa. Na gane inda ya dosa, na rage murya na ce masa ba wanda ya gani, kuma ko Inna Ige ba za ta ji daga bakina ba.

"Kai ka iya yin shiru, ɗan Hassi," ya ce. "Ni da wane baki zan koma in ce ma wani motatai na wasa?"

Ya sauka ya zagaya baya, ya cire hula, ya tsaya a gaban fasinjoji.

"Jama'a, ni na Labbo, ni nig gyara motag ga da sahe. Na mance ban sa wani ƙarhe ba. Da Allah bai tsare ba, da yanzu kuna cikin ruwan can, kuma ni na sanadi. Ku yahe mani."

Sai tsohuwa mai kaji ta tambaya ko hakan na nufin ba za a kai Anka ba. Wani Bafulatani ya tambaya ko yanzu an sa ƙarfen, aka ce an sa, ya ce to me aka tsaya yi. Sauran suka haɗa baki suka ce sun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, direba a ja mota hadari na haɗowa. Kawu ya ce shi bai yarda da yafiyar taro ba, ɗaya bayan ɗaya yake so. Haka ya bi su yana nuna kowa da yatsa, mai jinjiri ta yafe nata ta yafe na ɗanta. Ya samu goma sha uku. Na sha huɗun yana can ƙurya, ya jingina da buhun barkono, ya rufe fuska da farin rawani yana sharar barci tun daga Bukkuyum. Kawu zai tashe shi, mutane suka ce don Allah a ƙyale bawan Allah, in an isa Anka ya nema. Muna isa Anka ruwa ya kece, wata akuya ta tsinke ta shiga kasuwa, duk muka bi ta. Kafin mu dawo mai barci ya farka ya yi gaba. A duk motar ba wanda ya san shi, ni kaina ba zan iya cewa ga kamarsa ba, don ɗan kamasho ne ya yi mini lodi.

Washegari da bakinsa ya ba direbobin Gummi labarin, bai rage komai ba, har da ƙaryar daddawa. Waɗanda na kwasa daga Gummi da hantsin ranar mutanen gari ne, gida-gida ya bi su. Inna Ige ta tuƙa tuwon mutum goma na kaffarar rantsuwa, da daddawar Bukkuyum aka kaɗa miyar, Mamman Dogo ya zo da kwanonsa ya ce shi ma miskini ne, aka kore shi. Sannan Kawu ya tattara kayan aikinsa, guduma da sifana da gwangwanin fil, ya kai wa wani makanike a bakin tasha, ya ce shi ya gama.

Direbobi suka yi ta zarya. Alhaji mai shinkafa da kansa ya zo ya ce kuskure ɗaya a shekara talatin ai ba a kiransa kuskure. Kawu ya ce da wani ya yi masa sallama a lokacin, da ya ɗora masa laifin ya ci gaba da aikinsa. Amma ba wanda ya yi magana, hannunsa ne kawai ya tsallake wurin bai sanar da shi ba, kuma hannun da ya yi haka sau ɗaya bai ga abin da zai hana shi sakewa ba. Ni kam haushi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na rufa masa asiri ya yaye da kansa, ya kuma bar mu a hannun masu sa ƙusa. Na yi wata guda ina gaishe shi a tsaye, shi ko a jikinsa.

Shekara shida ya yi bayan haka, yana ɗan noman shinkafarsa a fadama, kuma bai taɓa barin maganar mai barcin nan ba. Duk ranar kasuwar Anka da ƙafarsa ta yarda, sai ya shigo gaba ya bi ni. Ya bi rumfa-rumfa yana tambayar ko an san wani mutum, ba dogo ba ba gajere ba, mai farin rawani, mai barci a mota. Wani mahauci ya ce masa in dai wannan ce alamar, to rabin Anka yake nema. Da abin ya ishi 'yan tasha, sai suka shirya wani dattijo suka kawo masa don ya huta su ma su huta. Mutumin ya ce lalle shi ne, kuma ya yafe duniya da lahira. Kawu ya yi godiya sosai, sannan ya tambaye shi da buhun me ya jingina ranar. Dattijon ya dubi 'yan tasha, ya ce gero.

"Riƙe yahiyarka, malam," in ji Kawu. "Ba taka nika biɗa ba."

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi wata rana da hantsi, washegarin kasuwar Anka. Ya rame, murya ta shige, Inna Ige ta fita ta bar mu. Ya kama hannuna ya tambaye ni ko an dace. Wallahi na so in yi masa ƙarya. Na riga na shirya ta tun a hanya, har da sunan ƙauyen mutumin da sana'arsa. Amma da na dube shi sai na kasa, na ce ba a dace ba tukuna. Ya ce ba komai, in ci gaba da dubawa in na shiga Anka, kuma in na same shi in gaya masa yadda abin ya faru daidai, kada in gyara labarin don a ji tausayinsa. Bayan kwana uku aka yi masa sutura.

An daɗe da yanka jif ɗin, ni ma na bar tuƙi, amma har yau in na ga mutum yana gyangyaɗi a motar haya sai na ƙare masa kallo. Ban same shi ba, kuma na san da wuya in same shi. In akwai wanda ya san wani da ya taɓa yin barci a jikin buhun barkono daga Bukkuyum zuwa Anka wata damina, ya gaya masa wani tsoho ya rasu yana neman gafararsa a kan abin da shi bai ma san an yi masa ba.

Ya Allah, bawan nan naka barci yake bai ji ba, amma Kai ka ji. Ka karɓa a madadinsa, Ka yafe wa Kawu Labbo, Ka sanyaya masa makwanci.